Lamba Aka Ce

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu na shekarun da muka dawo Mubi, amma ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tsaya gaban iyayen yara cikin farar shadda, da tambayar rashin kunya rubuce ɓaro-ɓaro a kan tumbina. Ni na rubuta tambayar. Ni na gayyato wanda aka yi wa ita. Mutumin kuwa shi ne mahaifin yarinyar da nake neman aure.

Ni ɗan unguwar Lokuwa ne a Mubi, a nan aka yanke mini cibiya, sai dai kakana daga wajen Katsina ya zo da keken ɗinkinsa. Wannan ya sa tun ina yaro nake ɗaukar kaina mai gadin Hausa a garin da ake ce wa mace "ya zo" ba wanda ya damu. Na karanta kwamfuta, na fito da difloma da kuma girman kai (girman kan ya fi diflomar nauyi). Bayan tashin hankalin ƙarshen 2014, lokacin da gari ya watse, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu kan duwatsu, mun dawo kaɗan-kaɗan, ni kuma na samu aikin koyar da kwamfuta a wata ƙaramar makaranta a Nassarawo. Kwamfutoci uku ne a makarantar, biyu ba sa tashi.

Shugabar makarantar, Madam Saratu, abin da ke damunta shi ne azuzuwa sun ƙi cika. Iyaye sun dawo, yara da yawa ba su dawo aji ba. Sai ta kira ni ta ce, "Injiniya, ka yi mana wani abu a kwamfuta. Kowane mai gida ya faɗa yara nawa yake da shi, mu san su waye ba su dawo ba." Ba injiniya ba ne ni, amma ban taɓa gyara mata ba.

Na zauna na rubuta manhaja, duk da Hausa, don kada a ce iyaye ba su gane ba. Tambayoyi ne 'yan kaɗan: suna, unguwa, sai ta uku da na taƙaita ta zuwa kalma biyu, "'Ya'yanka nawa?"

Ga wanda bai san aikin ba, kwamfuta ba ta da kara ko kaɗan. In ka ce mata ta jira lamba sai aka ba ta kalma, ba ta san ta kau da kai ba. Nan take za ta jefo kuskure (haka muke cewa, jefowa), in kuma ba a tanadi mai cafkewa ba, manhajar ta mutu, ta zubo jan rubutun Turanci a allo wanda ko malamin da ya koya mana ba ya karanta shi har ƙarshe. Aikin mai rubuta manhaja shi ne ya kewaye duk wurin da yake jin tsoro, ya ce mata: gwada wannan, in an jefo kuskure ki cafke, ki gaya wa mutumin abin da ya yi ba daidai ba, ki sake ba shi dama. Kamar dai mai tsaron raga. Kai kanka ma kana iya jefo kuskuren da gangan, in ka ga an shigar da abin da ba ka yarda da shi ba, ka aika shi wurin mai cafkewar.

Wanda ya gwada mini manhajar abokina ne Yohanna, malamin lissafi, ɗan ƙabilar Gude, gwauro mai lasisi. Ba shi da wani buri a duniya lokacin sai ya ga ta mutu. A wurin "'Ya'yanka nawa?" ya rubuta "tuwo", ta mutu. Ya rubuta sunan budurwar da ta ƙi shi, ta mutu. Ya danna ya wuce bai rubuta komai ba, ta mutu. Kowane karo sai ya tafa hannu ya ce, "Injiniya, abinka ya sake mutu fa, a kawo likkafani."

Haushi ya sa na ɗaure ta tamau. Kalma, a cafke. Lamba ƙasa da sifili, in jefo da kaina a cafke. Wuri babu komai, shi ma in jefo. Sannan na sa ta riƙa komowa kan tambayar, ba gaba ba baya, har sai an ba ta lamba. Na kuma tsara saƙo uku, suna hawa kamar zafin rana. Na farko: "Don Allah a rubuta lamba." Na biyu: "Lamba aka ce." Na ukun kuwa don Yohanna kaɗai na rubuta shi, mutumin da ko kaza bai ajiye ba: "Wai kai ba ka san 'ya'yanka nawa ba ne?"

Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "To in mutum bai so ya faɗa fa?"

Na ce, "Sai ya kwana a nan."

"Ka cire wannan na ukun kafin ranar taron iyayen yara."

Na ce masa babu mai hankalin da zai yi kuskure sau uku a jere, iyayen yara ba irinsa ba ne. Na bar saƙon a inda yake, na shiga neman mai goge mini shaddar taro.

Yanzu sai in kawo maganar Asta. Tana karatun aikin jinya, mun shekara muna tare, kuma manyana sun je sun gaida mahaifinta, Alhaji Bobboi, tsohon malamin dabbobi. Amsar da suka samo ita ce, "Za mu duba." Watanni suka shuɗe ana dubawa. Alhaji Bafulatani ne mai ƙarancin magana, kuma shi ne shugaban ƙungiyar iyayen makarantarmu, don ƙannen Asta biyu a nan suke. A al'ada, mai neman aure in ya hango surukinsa sai ya canza hanya, in ta kama dole ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na yanke shawarar abin da ya rage wa Alhaji shi ne ya ga basirata a gaban jama'a.

Akwai kuma maganar Sa'adu, yayan Asta, ɗan farin Alhaji. Ranar da gari ya watse, sun riga sun tsallake mayo, wato kogin bayan gari, sai ya tuna ya bar shanu biyu a ɗaure a unguwarsu Kolere, ya ce bari ya koma ya kwance su kada ƙishirwa ta kashe su. Daga nan ba a sake ganinsa ba. Babu gawa, babu labari. 'Yan uwa sun yi ta matsa wa Alhaji a yi addu'ar mamaci a huta, ya ƙi. Duk wannan na sani, Asta ta ba ni labarin da bakinta. Amma a cikin kaina labarin Sa'adu yana ɗaki ɗaya, manhajata tana wani ɗakin, kuma babu ƙofa a tsakani.

Ranar taro ta faɗo tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Aka aro majigi, aka rataya farin zanen gado a bango, aka tayar da janareta a bayan taga. Iyaye sun cika babban aji, maza gefe, mata gefe, masu hula da masu ɗankwalin zumuntar coci. Na ƙara girman rubutun yadda na bayan ma za su gani (wannan ma dabarata ce, ba wanda ya sa ni). Na ɗauki makirfo na yi jawabi mai tsawo a kan jefowa da cafkewa, mutane suna fifita da takarda suna kallona. Na rufe da cewa, "Wannan manhaja ba ta mutuwa. Ko me ka rubuta mata, tana da amsarka. Don ku tabbatar, ina roƙon shugabanmu, Alhaji Bobboi, ya zo ya fara."

Madam Saratu ta kalle ni ta saman tabarau. Can baya na hango Yohanna yana girgiza kai, na ɗauka hassada ce.

Alhaji ya taso a hankali, ya zauna, ya ciro tabaransa. Da yatsa ɗaya ya rubuta sunansa, ya rubuta unguwa. Tambaya ta uku ta fito a jikin zanen gado. Ya ɗan tsaya, sannan ya fara danna haruffa ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna karantawa tare da shi: Alhamdulillahi.

Aji ya ɗauki dariya da "haka ne, Alhaji!" Ai amsar kowane dattijo ke nan a wurinmu. 'Ya'ya ba awaki ba ne da za a tsaya ana lissafa su a gaban mutane. Ni da nake taƙama da sanin Hausa, ko sau ɗaya ban kawo wannan a raina ba lokacin da nake rubuta tambayar. Manhaja ta amsa: "Don Allah a rubuta lamba."

Maimakon in ji wani abu, daɗi na ji. Na juya ga jama'a na ce, "Kun gani? Da wata ce da ta mutu. Ta jefo, na cafke!" Har tafi aka ɗan yi mini.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon madannan. Ya danna shida. Na buɗe baki zan ce madalla, sai na ga yatsan bai tsaya ba. Abin da ya fito a bango shi ne: 6 da Sa'adu.

Wata mata a gefen hagu ta ce "wayyo" a hankali. Alhaji ya danna, manhaja ta ce: "Lamba aka ce."

A daidai nan ƙofar da babu ita a kaina ta buɗe, na tuna abin da ke jira a karo na uku. Na matsa na ce, "Baba, bari in karɓa, akwai ɗan..." Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Ina jin so yake kawai ya tsallake tambayar ya tashi da mutuncinsa. Bai rubuta komai ba, ya danna ya wuce. Wurin da babu komai kuwa, in kun tuna, ni da kaina na ce a jefo.

"Wai kai ba ka san 'ya'yanka nawa ba ne?"

Kowane harafi ya kai tafin hannu. A ƙarƙashinsa kuma tambayar ta komo, tana jira: "'Ya'yanka nawa?"

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya rufe murfin kwamfutar. Ni kuwa sai na yi tsalle na fizge waya daga soket, fanka ta tsaya. Na fizge ta biyu, lasifika ta yi wani ƙugi ta mutu. Majigi yana nan daram. Da na rasa dabara sai na ruga na tsaya a gaban hasken na ware hannuwa, wai in kare zanen gado. Na kare shi kuwa. Rubutun ya bar bango ya dawo kan farar shaddata da ta sha sitaci, layi na farko a ƙirji, na biyu a tumbi, ya fi fitowa ma fiye da yadda yake a zanen.

Wata tsohuwa a layin gaba, wadda ba ta karatu, ta taɓa ta kusa da ita ta ce da ƙarfi, "Me aka rubuta a cikin Malam?" Matar kuma, baiwar Allah mai son taimako, ta karanta mata da murya, har da alamar tambaya.

Yohanna ne ya fita ya kashe janareta. Alhaji ya naɗe tabaransa ya sa a aljihu, ya miƙe, ya ce, "Useko, Malam," wato na gode, ya fita. Ko ɗaga murya bai yi ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Taro ya watse ba addu'ar rufewa. Na ƙi shiga keke, na taka da ƙafa daga Nassarawo har Lokuwa, ina ji kamar har yanzu ana karanta rigata. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "To sai ka auri kwamfutar, tunda ta iya magana." Na kira Asta ba ta ɗauka ba. Da yamma ta turo mini saƙo guda: "Tunda aka haife ni ban taɓa ganin Baba ya ambaci sunan nan ba sai yau." Na san dattawa ba sa kiran sunan ɗan fari, kunya ce ta gargajiya. Ban dai san cewa ni ne zan matsa wa mutum har ya rubuta shi a bango ba. Kunyar da na ji a aji wasa ce a kan wadda na ji da na karanta saƙon nan.

Bayan kwanaki kawuna ya ce in shirya mu je ba da haƙuri. Kafin mu tafi na goge saƙon Yohanna, na goge na biyun ma, na maye gurbinsu da Hausa mai laushi wadda na daɗe ina sassaƙawa. Muka isa zauren Alhaji bayan La'asar. Na durƙusa a bakin tabarma, Kawu ya yi ta magana a kan yarinta da sharrin boko. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi Kawu, ba ni ba, "Ya zo da abin?"

Na zo da shi. Na buɗe na tura gabansa. Ya sa tabarau, ya rubuta suna, ya rubuta unguwa, ya rubuta 6 da Sa'adu. Manhaja ta ce: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, lamba ake buƙata a nan." Ya sake rubutawa. Ta sake ba shi haƙuri. Na saci kallonsa ina jiran yabo.

Ya ce wa Kawu, "Ta koyi ladabi. Amma har yanzu ba ta bar ni na wuce ba."

Kawu ya ce, "Haka ne, Alhaji," duk da bai san me ake ciki ba.

"In na rubuta shida, na binne shi da hannuna. In na rubuta bakwai, na faɗi abin da Allah kaɗai ya sani. Tun da muka dawo mutane suke zuwa zauren nan suna so in zaɓi ɗaya. Duk da ladabi suke zuwa."

Sai a lokacin na gane ba zagin ne ya fi yi masa ciwo ba. Na roƙi izini na jawo kwamfutar, a nan kan tabarma. Gyaran bai fi layi huɗu ba. Na ce mata: in an jefo kuskure ki cafke kamar da, ki tambaya sau ɗaya ko mutum yana da lamba, in ya sake ba ki kalma to ki ajiye abin da ya rubuta yadda ya rubuta shi, ki buɗe masa hanya. Na mayar masa. Ya rubuta amsarsa, aka tambaye shi sau ɗaya, ya maimaita. Allo ya ce: "An karɓa. Mun gode."

Ya daɗe yana kallon kalmomin. Sannan ya cire tabarau ya ce wa Kawu, "Ku gaida gida." Maganar aure ko da wasa ba ta taso ba. A hanya Kawu ya ce mini in fara sa ido a wani gidan.

Makaranta ta yi amfani da manhajar a sabon zango, Yohanna ne ya zauna da iyaye (ni an ce in riƙa kula da janareta). Daga baya Madam Saratu ta nuna mini abin da aka shigar. Ba Alhaji kaɗai ba ne. Akwai "4 da Maryamu", akwai "uku a nan, ɗaya muna jira". Da tsohuwar manhajata ce, da duk waɗannan ta kira su kuskure.

Damina ta zo ta wuce, hanyar Kolere ta lalace ta gyaru, ni dai na fid da rai. Bayan kaka sai ga saƙo wurin Kawu: a turo manya. Aka ɗaura aure, Asta ta tare. A duk tsawon lokacin nan Alhaji bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, in na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Sa'adu kuwa har yau shiru, kuma har yau ana share ɗakinsa.

Bana Allah ya ba mu ɗa namiji. Ranar suna da safe, bayan an shafa fatiha ana rabon goro da masa, ina tsugune a bakin rumfa, sai Alhaji ya zo wucewa. Ya tsaya a kaina, idonsa na kan titi, ya ce, "Malam, 'ya'yanka nawa yanzu?"

Na sunkuyar da kai, kunyar ɗan fari ta kama ni, na ce, "Alhamdulillahi, Baba."

Ya ce, "Lamba aka ce." Ya gyara babbar rigarsa ya wuce.

Yohanna ya ƙware da masa, sai da aka bubbuga masa baya. Ni kuwa nan na zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗe mini, don na san yau aka yafe mini.

Yanzu duk manhajar da zan rubuta sai na bar wa mutum ƙofar fita, ko da amsarsa ba ta yi mini ba. Ba na kuma ajiye wa Yohanna saƙo a cikin abin da suruki zai iya taɓawa. Farar shaddar tana nan a ƙasan akwati, ranar taro kuwa baƙar riga nake sawa.